Kwat Mai Kifi a Baya

Ranar Litinin da safe aka bugo wayar, Sufeto Noreen Haugen ba ta ko kai ga cire safar hannunta ba.

"An shiga shagon Arvid Solberg," in ji Kofur Duane Pelkey, waya a hannu ɗaya, rabin donat a ɗayan. "An kwashe injinan yankan itace. Amma kada ki wahalar da kanki, Sufeto, an riga an san ɓarawon."

"Wa ya san shi?"

"Gari gaba ɗaya."

Noreen ta mayar da hularta ka. Ta daɗe tana aiki a ofishin sherif, wato ƴan sandan gundumar Larkin, kuma babu ƙarar da take tsoro irin wadda gari ya gama yanke hukunci a kanta kafin ita ta iso. Halvor ƙaramin gari ne. Mutum ya yi atishawa a gidan mai, a coci za a yi masa sannu.

"Ajiye donat ɗin nan ka ɗauko makullin mota," ta ce.

Suka tarar da Arvid zaune a bayan kanta, ya zuba wa bango ido. Dattijo ne da ya haura saba'in, shagonsa na kayan aiki ya girmi rabin mutanen garin. A bangon akwai ƙusoshi wayam, inda injina biyar suke rataye har zuwa ranar Asabar.

Ɗan ƙanwarsa Curtis Lund shi ne ke ta kai da kawo. Saurayi ne mai faɗin kafaɗa da yawan magana, irin waɗanda ke ba da amsa kafin a gama tambaya.

"Jiya da rana ne," ya ce. "Kowa yana kan tafki wajen gasar kamun kifi. Zo ki gani, kyamara ta ɗauka."

A hoton, wani mutum ya shigo ta ƙofar baya, ya ja hular kwat ya rufe kai. Bai ɗaga fuska ko sau ɗaya ba. Amma kwat ɗin ba ya bukatar fuska. Ja ne mai zanen baƙi, an ɗinka masa ƙaton kifi rawaya a gadon baya.

Duane ya yi fito. "Wendell Rask."

Babu wanda bai san kwat ɗin nan ba. Matar Wendell ce ta ɗinka kifin kafin ta rasu. Bayan rasuwarta ne ya faɗa shaye-shaye, har aka kama shi yana tuƙi cikin maye, kotu ta ba shi wata shida a gidan yarin gunduma. Kafin nan shi ne mai gyaran injina a wannan shagon.

"Ba a fasa ƙofa ba," in ji Noreen.

"Makulli na ajiye a bayan tukunyar gas," Arvid ya faɗa da ƙyar. "Ni da Curtis da Wendell kaɗai muka sani." Ya goge fuska da tafin hannu. "Na ajiye masa aikinsa, Noreen. Na ce in ya fito, bencinsa na gyara yana nan yana jiransa. Injinan ba su dame ni ba. Wannan ne ya yi mini ciwo."

"Yaushe ya fito?"

"Juma'a," Curtis ya karɓe. "Na gan shi da idona. Ya fito daga gidan yari ya bi ta gaban shagon nan yana leƙen taga, kwat ɗin a jikinsa."

"Kai kana ina jiya da rana?"

"Cikin bukkata a kan tafki, tun safe. Ko ɗan ƙaramin kifi ban kama ba." Ya yi dariya, shi kaɗai.

Noreen ta rubuta. A gasar nan kowane masunci rufe kansa yake yi a cikin ƴar bukkarsa ta katako a kan tafkin da ya daskare, ya huda ƙanƙara ya zauna gaban ramin, ba mai ganin wani. Rabin mazan garin amsar da za su bayar ke nan.

A mota Duane ya fara murza hannu. "Mu je mu ɗauko shi. Sakin talala aka yi masa, sabon laifi ɗaya ya koma ciki. Kafin azahar mun gama."

"Ka san abin da ke gabansa ranar Alhamis?"

Duane ya sani, kowa ya sani. Wendell yana da ƴa guda, Tilly, ƴar shekara takwas, tana hannun ƙanwar mahaifiyarta tun da aka kama shi. Ranar Alhamis wata alƙali mace za ta duba ko a mayar masa da ita. In ya shiga kotun da tuhumar sata a wuyansa, maganar ta mutu.

"Shi ya kamata ya tuna da haka," in ji Duane.

"To, mu je mu ji daga bakinsa."

Wendell yana zaune a ɗakin ƙasan cocin Loretta Aune. Loretta tsohuwar malamar jinya ce, gajeriya, mai murya kamar ta mai kiran fasinja. Ita ce ke tsayawa a ƙofar gidan yari da but ɗin mota cike da tsofaffin kayan sanyi, ta tari duk wanda aka sako ba shi da mai tarya.

Da suka sauka matakala, Duane ya tsaya cak, sannan ya tuntsure da dariya.

Wendell Rask, ƙaton mutum mai gemu, yana share ƙasa sanye da kwat ɗin mata ruwan hoda, mai gashi-gashi a wuya. Hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba.

"Kai, Wendell! Amarya aka yi ba mu ji ba?"

"Yi dariyarka, Duane," in ji Loretta daga bakin murhu. "Shi kaɗai ya rage mini a but. In kai aka sako cikin sanyin nan, ko labulen taga aka ba ka da gudu za ka yafa."

Noreen ba ta yi dariya ba. Ta ja kujera ta zauna. "Wendell, ina kwat ɗinka mai kifi?"

Ya dube ta da mamaki. "Yana shago. Ranar da ƙanƙara ta fara narkewa na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa, kamar kowace shekara. Ban sake sa shi ba."

"Me ya sa ba ka je ka ɗauko ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunyar Arvid nake ji. Na ce sai bayan Alhamis, in je masa da fuskar mutane."

Ta gaya masa abin da ya faru. Tsintsiyar ta kuɓuce masa. Bai yi rantsuwa ba, bai yi ihu ba, abu ɗaya kawai ya ce: "Tilly."

"Jiya da rana kana ina?"

Ya kau da kai. "Ina nan. Barci nake yi."

Loretta ta ajiye ludayi da ƙarfi. "Wendell, ina ƙaunarka, amma ba zan yi maka ƙarya ba. Ya fita tun hantsi, Noreen, bai dawo ba sai yamma. Bai faɗa mini inda ya je ba."

"Ina ka je?"

Ya sunkuya ya ɗauki tsintsiyar. Noreen ta ga tsoro ƙarara a idonsa, ta kuma ji haushinsa, don mutumin da kake ƙoƙarin ciro wa daga rami ba ya kyautu ya riƙa jan ƙafarka.

"Kada ka bar gari," ta ce.

Duane ya yi ta gunaguni har bakin mota. "Ya yi ƙarya a gabanki. Ya san makulli. Ga kwat a hoto. Me kike jira kuma, ya rubuto miki wasiƙa?"

"Ya yi ƙarya, gaskiya ne. Amma ɗayan biyu ne, ko ya fito da kwat ɗin kamar yadda Curtis ya ce, ko bai fito da shi ba kamar yadda shi ya ce. Kuma wannan ba sai mun yi duba ba. Juya mu je gidan yari."

Gidan yarin gunduma yana bayan kotu, jan bulo ne mai hawa biyu. A zaurensa akwai taga mai gilashi, inda doka ta ba kowa damar zuwa ya tambayi wa aka kama, wa aka saki, da yaushe. Da can a intanet ake dubawa, amma shafin ya lalace tun farkon sanyi, gunduma kuma tana ta taro a kan wanda zai biya kuɗin gyara. Saboda haka kowa ya dawo ga Bev.

Bev Maki ta fi shekara ashirin a bayan gilashin nan, da kwanon alewa a gefenta da ba wanda ya taɓa ganin ya ƙare.

"Ina son bayanin sakin Wendell Rask," in ji Noreen.

"Na jama'a ko na ciki?"

"Fara da na jama'a."

Bev ta danna, na'ura ta turo takarda ɗaya. Suna, laifi, ranar kamu, ranar saki. Ranar saki Juma'a ce, kamar yadda kowa ya faɗa. Amma idon Noreen a kan layin sama ya tsaya.

An kama shi a watan Yuli.

Sai abin ya dawo mata. Ranar bikin ƴancin ƙasar ce, rana tana ƙuna, a hanyar dawowa daga bakin tafki. Sanyi ya daɗe a garin har mutane sun manta an taɓa yin zafi.

"Bev, da me ya shigo?"

Bev ta buɗe na ciki. "Singileti, gajeren wando, silifa. Da abin da ka shigo da shi kake fita, kin sani. Ranar Juma'a haka ya tsaya a ƙofar nan, gwiwoyi a waje, ƙanƙara har ƙauri. Ba don Loretta ba da sai motar asibiti."

"Ba zai yiwu wani ya kawo masa kwat yana ciki ba?" Duane ya tambaya. Muryarsa ta ɗan sauka.

"Haba, Duane, kamar ba a gidan nan kake aiki ba. Ba ma karɓar tufafi daga waje, ko safa. Tun da aka kama wata da ƙwaya a cikin kalmasa aka hana. Wanda ya kawo, da kayansa yake komawa."

Noreen ta ninke takardar. "Akwai wanda ya zo tambayar ranar fitarsa?"

"Loretta, kullum da safe, amma ita kowa take tambaya. Sai yaron nan na shagon Arvid. Ya yi ta sintiri a makon jiya, wai kawunsa ne ya aiko shi. Alewata ma ya kusa ƙararwa."

A waje Duane ya tsaya yana sosa ƙeya. "To ai Curtis ya ce ya gan shi da kwat ɗin."

"Haka ya ce."

"Wataƙila Wendell ya je ya ɗauko daga baya..."

"Wataƙila. Amma Curtis bai ce daga baya ba. Cewa ya yi daga gidan yari ya fito da shi."

Ta jira sai da Curtis ya fita kai kaya, sannan ta koma shagon ita kaɗai. Arvid ya zuba mata kofi mai ɗaci. Ta roƙe shi ya nuna mata bayan ƙofa.

Ƙusar tana nan, babu komai a kanta.

"Nan yake rataye shi," in ji Arvid. "Duk damina da kaka yana nan. In na wuce nakan taɓa shi, kamar na gaisa da mai shi."

"Yaushe ya bar nan?"

"Da sanyi ya shigo, wajen Nuwamba. Na ce wa Curtis, bawan Allah nan zai fito cikin tsakiyar hunturu, kai masa kwat ɗinsa gidan yari su ajiye masa. Ya ɗauka ya tafi, ya dawo ya ce sun karɓa."

"Shi ya ce sun karɓa?"

"Da bakinsa."

"Ka aike shi tambayar ranar da za a saki Wendell?"

"Ni? Loretta na da waya, me zai sa in aiki mutum?" Dattijon ya ajiye kofinsa a hankali. Ba wawa ba ne. Noreen ta ga yadda fuskarsa ta canza, farin ciki da baƙin ciki suka haɗu a wuri ɗaya. "Noreen, ɗan ƙanwata ne."

"Na sani, Arvid. Da Wendell ya dawo bencinsa, Curtis ina zai koma?"

"Lodi da shara, inda yake a da. Ba shi da hannun gyara. Na gaya masa gaskiya, ban ɓoye masa ba."

Da yamma ta sake sauka ɗakin ƙasan coci. Ta tarar da Wendell ya haɗa ƴan kayansa a leda, yana zaune a bakin gado yana jiran a zo a tafi da shi. Abin ya taɓa mata zuciya.

"Kwance ledar nan," ta ce. "Ba kama ka na zo yi ba. Amma ba zan iya tsaya maka da ƙarya a tsakaninmu ba. Ina ka je ranar Lahadi?"

Ya daɗe yana murza gashin wuyan kwat ɗin.

"Filin wasan ƙanƙara," ya ce. "Ajin su Tilly na da wasa. Ban shiga ba, wallahi. A waje na tsaya bayan motar share ƙanƙara, ina leƙe ta gilashi. Wata shida ban ga fuskarta ba, Noreen. Ta yi tsawo. Alƙali ta ce kada in je mata sai da jami'ar kula da yara. In aka ji, shi ke nan na rasa ta. Gara a ce mini ɓarawo."

"In aka ce maka ɓarawo ma ai ka rasa ta, sarkin dabara."

Ta ci gaba da tambaya.

"Ka yi mata magana?"

"A'a."

"Ka je gidan ƙanwar mahaifiyarta?"

"A'a."

"Na karanta umarnin. Magana da zuwa gida aka hana ka. Ban ce ka yi wayo ba, ka dai tsaya a bakin layi. Ranar Alhamis kai za ka fara faɗa wa alƙali da bakinka, kafin ta ji a wani wuri. Ka ji ni?"

"Na ji." Ya share ido da hannun rigar ruwan hoda. "Ba wanda ya gan ni ai. Na ɓuya sosai."

Noreen ta dubi kwat ɗin, ta dube shi, ta haɗiye abin da ya zo mata baki.

Washegari da hantsi ta karɓi takardar izinin bincike. Duane ya tuƙa su a kan tafkin da ya daskare, suka ratsa layin bukkokin masunta. Ta Curtis kore ce, a can ƙarshe, hayaƙi na fita ta bututunta.

Ya buɗe ƙofa da fara'a. "Sufeto! An kama shi?"

"Saura kaɗan. Mu shigo?"

Ciki ɗumi, murhu na ci. Ramin ƙanƙara a tsakiya, ga dogon benci mai murfi a jikin bango, an shimfiɗa masa bargo. Curtis ya yi sauri ya zauna a kai.

"Ina son ka maimaita mini abin da ka gani ranar Juma'a," in ji Noreen.

"Na faɗa miki. Ya fito, kwat ɗin a jikinsa."

"Mai kifin?"

"Mai kifin."

"A ina ya same shi?"

"Ni na kai masa gidan yari a Nuwamba. Tambayi Kawu."

"Na tambaye shi. Wa ka ba?"

"Wata... wata mata a taga."

"Bev? Mai alewa?"

"Ita."

Noreen ta ciro takardar ta miƙa masa. "Karanta layin sama. A Yuli aka kama shi, da singileti da gajeren wando. Da su ya fita. Gidan yarin nan ba ya karɓar tufafi daga waje, Curtis, ko safa. Ba ka taɓa kai kwat ɗin ba, da ka kai da ka san haka. Ka yi ta zuwa tagar Bev kana tambayar ranar fitarsa, amma ba ka taɓa tambayar da me zai fita ba."

Curtis ya lashi leɓe. "To wataƙila na yi kuskure. Wataƙila wani jan kwat ne daban na gani."

"Ruwan hoda ne," in ji Duane. "Na mata. Da gashi a wuya. Da ka gan shi da gaske, da har yau kana dariya."

"Tashi daga bencin nan," Noreen ta ce.

Bai motsa ba. Ta nuna masa takardar izini. Duane ya kama shi a kafaɗa ya ɗaga, ya yaye bargon, ya buɗe murfin.

Injina biyar a jere, da tambarin shagon Solberg a jikinsu. A kansu an ninke jan kwat, kifin rawaya yana kallon sama.

Curtis ya zame ya zauna a ƙasa. Duk surutun nan ya ƙafe.

"Na so in jefa shi a ramin," ya ce a hankali. "Na kasa. Matarsa ce ta ɗinka."

"Me ya sa ka yi?"

"Wata shida ina riƙe da bencin nan. Ina zuwa kafin kowa, ina tashi bayan kowa. Kullum Kawu sai ya wuce ya shafa kwat ɗin nan a ƙusa. Ni jininsa ne, ko sau ɗaya bai taɓa dafa ni ya ce na yi ƙoƙari ba. Mashayi zai fito daga kurkuku a mayar da ni shara." Ya rufe fuska. "Ba sayarwa zan yi ba. Na ce in an mayar da shi ciki, sai in yar da su a bayan gari a tsinta."

"Ka tuna da ƴarsa?"

Curtis ya girgiza kai, hawaye na zuba.

Noreen ta ji tausayinsa kaɗan, amma kaɗan ɗin ne. Ta karanta masa haƙƙinsa, Duane ya sa masa ankwa. Masunta suka fito ƙofar bukkokinsu suna kallo. Da za a sa shi a mota, Duane ya koma ciki ya ɗauko masa rigar sanyinsa ya yafa masa.

"Sa ta da kyau," ya ce. "Da abin da ka shiga da shi za ka fito."

Ranar Alhamis Noreen ta hau benen kotu, wai takarda ta kawo. Ba takardar da ta kawo.

Wendell yana tsaye a baranda. Ya aske gemu, Arvid ya ara masa farar riga da laktaye, amma kwat mai kifi yana ɗakin ajiyar shaida sai an gama shari'ar Curtis, kuma duk kwat ɗin Arvid ba wanda ya shige shi. Ruwan hodan nan dai shi ne a hannunsa, ya ninke yana ƙoƙarin ɓoye shi a bayansa. Arvid da Loretta suna zaune a benci, suna gardama a kan wanda ya ɗaure laktayen a karkace.

Ya riga ya shiga ya fito. Ya faɗa wa alƙali maganar filin wasa da bakinsa. Ta ja masa kunne sosai, sannan ta ce Tilly za ta fara kwana wurinsa a ƙarshen mako, in ya riƙe aikinsa ya riƙe kansa, kafin ƙanƙara ta narke yarinyar ta koma hannunsa gaba ɗaya.

Ƙofar ɗakin jira ta buɗe. Jami'ar kula da yara ta fito riƙe da hannun wata siririyar yarinya mai giɓi. Yarinyar ta tsaya, ta dubi mahaifinta sama da ƙasa.

Wendell ya durƙusa.

"Baba, ina rigarka mai gashi?"

Ya yi sororo. "Wace riga?"

"Ta ranar Lahadi mana. Kana bayan motar share ƙanƙara. Duk ajinmu sun gan ka. Suka ce wace ƙatuwar mata ce wannan take kuka, na ce ba mata ba ce, babana ne." Ta ɗaga kafaɗa. "Shi ya sa na ci ƙwallo. Ka gani?"

"Na gani," ya ce da ƙyar.

Ta zagaya bayansa ta zaro kwat ɗin daga hannunsa, ta yafa masa a kafaɗa, ta gyara gashin wuyan da hannu biyu. Sannan ta faɗa jikinsa.

Loretta ta fyace hanci da ƙarfi har baranda ta amsa. Noreen ta juya ta nufi matakala da sauri, don ba ta son Duane ya ga idonta. A ƙasa ta tarar da shi ya juya wa mutane baya, yana ta goge tabarau ɗin da ba abin da ya same shi.